Hukuncin wasannin bidiyo masu ɗauke da farfagandar siyasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗa mai shekara 15 da yake yawan buga wasannin yaƙi a kwamfuta, kuma na lura cewa a yawancinsu abokin gaba Balarabe ne ko ɗan Rasha, mai ceto kuwa sojan Amurka ne ko na Ingila. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na ji shi yana ba ƙannensa labarin wani yaƙi kamar yadda wasan ya nuna masa, yana ɗaukarsa tarihi. Shin buga irin waɗannan wasanni ya halatta? Wani abokina kuma ya ce mafita ita ce a mayar da yaron kan wasannin da Musulmi suka ƙera, inda su ne masu nasara. Mene ne gaskiyar wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, bisa wannan lura, domin iyaye da yawa suna ƙidaya awannin da yaro ya ɓata a gaban allo, amma kaɗan ne suke tambayar abin da allon ya faɗa masa a cikin awannin.

Asali a wasa shi ne halacci matuƙar bai ƙunshi haram ba kuma bai shagaltar daga wajibi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta kalli Habashawa suna wasa da mashi a cikin masallaci, Annabi (SAW) yana kare ta, kuma wannan wasa ne na kwaikwayon yaƙi. Saboda haka kasancewar wasa yana ɗauke da makamai da fafatawa bai isa shi kaɗai ya haramta shi ba. Wurin da ya kamata a tsaya shi ne labarin da ke cikin wasan, domin abin da ka lura da shi gaskiya ne, ba zato ba ne. A shekarar 2002 rundunar sojan Amurka da kanta ta fitar da wasan America's Army, ta raba shi kyauta da nufin jawo matasa su shiga aikin soja, kuma ba a rufe shi ba sai a 2022. Wanda ya kashe kuɗi shekara ashirin yana raba abu kyauta ya san abin da yake samu a madadinsa.

Misalin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na wasan Call of Duty: Modern Warfare na 2019. A cikinsa an kawo wata hanya mai suna Hanyar Mutuwa a wata ƙirƙirarriyar ƙasa, aka ce sojojin Rasha ne suka yi wa masu gudu ruwan bama-bamai a kanta. Alhali wannan suna a tarihi na hanyar da ta tashi daga Kuwait zuwa Basra ne, inda jiragen Amurka da ƙawayenta suka ragargaji ayarin Iraƙi da ke janyewa a watan Fabrairun 1991. Waɗanda suka ƙera wasan sun kare kansu da cewa labarin ƙage ne, amma matashin da aka haifa shekaru da yawa bayan wannan yaƙi, wanda bai taɓa jin sunan ba sai a wasan, zai tashi da laifin a wuyan wanda ba shi ya aikata ba. Ni a ganina wannan ya fi zubar da jinin da ake nunawa a allo hatsari, domin yaro ya san cewa jinin ba na gaske ba ne, amma bai san cewa tarihin ma ba na gaske ba ne. Ga shi kuma mai kallon fim kallo kawai yake yi, shi kuwa mai wasa da hannunsa yake harbi, ana ba shi maki a duk lokacin da ya kayar da mai rawani ko mai magana da wani harshe, har zuciyarsa ta saba da cewa wannan kamannin na wanda ake harbi ne.

Shari'a tana ɗaukar irin wannan a matsayin labari, kuma labari yana da hukunci. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, don kada ku cutar da wasu mutane cikin jahilci. Ya kuma ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum game da su. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Don haka buga wasan abu ne daban, ɗaukar labarinsa a yaɗa shi a matsayin gaskiya kuma abu ne daban, kuma na biyun ne ya faru a gidanka.

Bisa wannan, hukuncin yana bambanta gwargwadon wasan da mai buga shi. Baligi mai hankali wanda ya san tarihi, yake rarrabe ƙage da gaskiya, kuma wasan bai hana shi salla ko haƙƙin iyali ba, babu laifi a kansa in ya buga wasan da ke da karkata irin ta siyasa, ko da yake barinsa ya fi. Wasan da aka gina shi kacokan a kan ƙasƙantar da wata al'umma, ko halatta jinin fararen hula, ko ƙawata zaluncin da aka yi wa mutanen da har yanzu danginsu suna raye, bai halatta a saye shi ko a tallata shi ba, domin hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, kuma kuɗinka taimako ne ga mai ƙera shi. Idan kuwa akwai wulaƙanta Alƙur'ani ko izgili ga addini, ko ana sa mai wasa ya rusuna wa gunki, to barinsa wajibi ne bisa aya ta 140 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana zama tare da masu izgili da ayoyin Allah har sai sun shiga wani zance. A nan yin magana yana da amfani: a 2020 an cire rusuna wa gumaka da aka saka a wasan PUBG bayan ƙorafin Musulmi, a 2021 kuma kamfanin Activision ya nemi afuwa ya cire shafukan Alƙur'ani da aka warwatsa a ƙasa a cikin Call of Duty: Vanguard.

Amma shawarar abokinka ba zan amince da ita yadda ya faɗe ta ba. Ba laifi ba ne Musulmi su ƙera wasannin da ke ba da labarinsu da bakinsu, abu ne ma da nake fata ya yawaita, kuma Annabi (SAW) ya ƙarfafa Hassanu ɗan Sabit ya mayar da martani da waƙa, ya bayyana cewa ta fi kibiya zafi ga Ƙuraishawa. Sai dai sunan mai ƙerawa ba ya tsarkake abin da ya ƙera. Ƙungiyar Hizbullah ta ƙasar Lebanon ta fitar da nata wasan yaƙi a 2003, kuma manufarsa ta siyasa a fili take kamar ta wancan na sojan Amurka. Duk wasan da ya koya wa yaro cewa kowane Bayahude ko Kirista ko Bature abin harbi ne, ya faɗa cikin laifin da muke zargin wasu da shi, alhali Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, kuma Annabi (SAW) ya hana kashe mata da yara ko a fagen yaƙi na gaske. Ma'aunin da za ka auna wasan Amurka da shi, da shi za ka auna na Musulmi.

Game da ɗanka, kai ne makiyayinsa kuma za a tambaye ka, kamar yadda hadisin Bukhari da Muslim ya nuna. Ban ga hanawa gaba ɗaya ita ce mafi dacewa ga ɗan shekara 15 ba, domin zai buga a wurin abokansa inda babu mai gyara masa fahimta. Ka duba alamar shekarun da ke jikin kowane wasa, domin da yawa daga wasannin yaƙin nan masu su da kansu sun rubuta cewa na manya ne, waɗannan kana da cikakken iko ka hana. Sauran kuma ka zauna ka buga tare da shi, ka tambaye shi wa ya ƙera wasan, wa aka mayar jarumi, wa aka hana magana, sannan ku nemi tarihin yaƙin da ya ba ƙannensa labari ku karanta tare, shi da bakinsa ya koma ya gyara musu abin da ya faɗa.

Wallahu a'alam.