Damin Gidan Baba Fasto

Maigidana,

Saƙonka ya iso. Ƙanwarka ta fara karanta mini, na ƙwace wayar na ƙarasa da kaina, don idona bai mutu ba tukuna. Ka ce ubanka ya kira ka kan maganar kai dami gidan Mama, matar marigayi Baba Fasto, kai kuwa kana son ka ji dalili: Baba Fasto ya rasu tun kana rarrafe, fastocin yanzu kuma albashi suke ɗauka, to me ya sa har gobe ba a ɗora tukunyar sabuwar dawa a gidanmu sai an kai dami ɗaya gidansa? Har wani abokin aikinka ya ce wai ragowar Maguzanci ce aka shafa wa mai. Kai dai miji ne mai yawan tambaya da ƙarancin cefane. To, saurara.

Abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na taso na tarar da kakana ba ya barin kowa ya ɗanɗana sabon hatsi sai ya zuba wa kan gida, wato iskan da gidan ke bauta wa, giya, ya yanka kaza. Maƙwabtanmu Musulmi su ma da kaka suke fitar da zakkar gona, dami ɗaya cikin goma. Littafi Mai Tsarki kuma ya yi maganar nunan fari. Duk manomin ƙasar nan ya san hannun farko ba na bakinsa ba ne. Sai dai namu zakkar da baikon, ranar godiyar kaka ake kai su majami'a, dattawa su ƙirga, magatakarda ya rubuta a littafi. Damin Baba ba ya shiga wannan littafin, ba a taɓa shelarsa a bagadi ba, ba kuma a sa wa kowa hannu a wuya a kansa. Asalinsa daban ne.

Ka san a da Turawan mulki ba su sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakunan Musulunci ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1930 aka bar ƙungiyar mishan ta SIM ta kama asibitocin kutare, irin su Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano, ta nan ƙofa ta ɗan buɗe. Amma mu na ƙauyukan ƙasar Malumfashi, ba Bature ne ya zauna da mu ba. Wanda ya zo ɗan ƙasa ne, saurayi siriri da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, kusa da Kano. Lokacin ikilisiyarmu ta ECWA kanta jaririya ce, don a 1954 aka kafa ta. Ya zo da amaryarsa, da akwatin ƙarfe ɗaya, da keke, da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohon juyin nan na 1932 mai baƙin bango. Abin da ake aiko masa daga manyan ikilisiya bai kai a kira shi albashi ba, wani watan ma ba ya isowa. Mai unguwa ya ba shi wata saura a bayan gari, wadda kowa ya guda saboda ƙuduji.

Shekarar farko gonar ta ba shi kunya. Magidanta biyar ne kacal suka karɓi bishara a lokacin, ubana na cikinsu. Suka zauna suka ce ba zai yiwu baƙo ya bar garinsu ya zo dominsu ya kwana da yunwa ba. Kowa ya ɗaure dami ɗaya daga yankan farko, aka kai masa da dare don kada ya ji nauyi. Tushen ke nan. Abinci ne aka kai wa mai jin yunwa, ba wani tsafi a ciki.

Za ka ce to yunwar ai ta wuce. Ta wuce, amma ka ji abin da ya yi da mu tukuna.

Ni a gindin tsamiyar ƙofar gidansa na koyi a, ba, ca, da. Da yamma yara, da dare manya a hasken aci-bal-bal. Mutanenmu a da gudun boko suke yi, ubana ma sai da Baba ya yi ta sintiri wajen wata uku kafin ya bar ni, don ni ce mai kai abinci gona. Da ba don wannan nacin ba, da ban yi shekara talatin ina koyarwa a firamare ba, da kuma yanzu sai na nemi mai rubuta mini wannan amsar.

Karatun nan ya yi aiki tun ba a je ko'ina ba. Lokacin haraji, akan karɓi kuɗin mutum a miƙa masa takarda, ya adana a cikin layar wuya, bayan wata biyu a dawo a ce bai biya ba, takardar hannunsa ta bara ce. Baba ya fara zama a wurin biya, a miƙo masa rasit ya karanta da ƙarfi, suna da shekara da adadi. Bai yi faɗa da kowa ba, karantawa kawai yake yi. Haka ya riƙa yi har Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin jihar Kaduna. Ranar kasuwar auduga kuma ka gan shi tsaye jikin sikeli da ɗan fensir a bayan kunne. Ba namu kaɗai yake duba wa ba. Duk wanda ya ce Malam duba mini, ya duba, ko mai salla ne ko mai zuba wa iskoki giya.

Keken nan nasa ya ɗauki marasa lafiya fiye da yadda ya ɗauki mai shi. Kakar ubanka ta wajen uba, da yana ta rufe mata ido, shi ya goya ta zuwa bakin titi, ya shiga mota da ita har asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1943. Ta dawo tana gani, ta kuma mutu a kan addinin iyayenta, ba ta taɓa taka majami'a ba. Ban taɓa jin ya goranta mata ba.

Amma abin da ya mayar da damin nan bashi shi ne farin 1973, shekarar da aka canja fam da sule zuwa naira. Ubanka na bayana a goye. Ruwa ya yi jinkiri, ya kuma ɗauke da wuri, dawa ta tsaya a gwiwa ta bushe. Kafin bazara ta yi nisa mutane sun fara sayar da awaki a wulaƙance, samari sun tafi ci-rani tun ba lokaci ba. Ashe duk shekarun nan da masu bi suka ƙaru, damman da ake kai masa sun fi ƙarfin cikin gidansa, shi kuwa bai sayar ba. Rumbu biyu ya gina a bayan ɗaki yana zubawa, yana cin tsohuwa yana ajiye sabuwa. Wata Litinin ya sa aka ɗaga murfin rumbun farko. Ina nan tsaye, na ga zangarniyar da ta yi shekara uku, ta yi duhu, tana warin toka da ƙura. Mama ce ke awo. Mudu biyu ga kowane gida duk mako, mai jego a ƙara mata rabi. Ba a tambayi kowa inda yake sujada ba. Matar limamin unguwar gabas ta tsaya a layi ɗaya da ni, ƙwaryarta a lulluɓe da gefen mayafi don kunya, Mama ta ja ta cikin ɗaki ta auna mata a can. Rumbunan sun ƙare kafin sabon gero ya nuna, ba zan ce maka sun ciyar da gari ba. Amma sun kai mu wurin da tafasa da rama suka fito, a unguwarmu kuma ba a binne yaro don yunwa ba.

Da kakar da ta biyo baya, dami ya zo masa daga gidajen da ba su taɓa kaiwa ba. Liman da kansa ya aiko da nasa. Shi ya sa in ka je za ka ga jikokin limamin nan a ƙofar Mama da nasu damin, kada ka yi mamaki, kada kuma ka fara musu wa'azi. Su ma na kakansu suke biya. A 1987 da rikicin Kafanchan ya fantsama har Zariya da Funtuwa ana ƙona majami'u, dattawan unguwar gabas ne suka shimfiɗa buzu a ƙofar tamu suka kwana uku.

Kada ka ɗauka mala'ika nake ba ka labari. Mutum ne mai taurin kai, in ya ce a'a ko giwa ba ta ja shi. Ya sa ubana a horo shekara guda, ba jibin Ubangiji, don an gan shi a gidan giya ranar bikin ɗan'uwansa. Wannan ban ce komai ba. Wanda har yau yake ci mini rai shi ne na kishiyar uwata. Dokar ikilisiya a lokacin ita ce mai mata biyu ba ya samun baftisma sai ya sallami ɗaya, Baba kuwa bai sassauta ko ƙwayar zarra ba. Matar da ta goye ni, ta yi mini kitso, ta tattara ƙorenta ta koma gidan ubanta tana kuka, ba ta yi wa kowa laifi ba. A ganina an zalunce ta, na kuma faɗa masa haka da bakina bayan na girma. Bai ba ni amsa ba. Sai bayan rasuwarsa Mama ta gaya mini cewa duk kaka, cikin damman da ake kawowa, ɗaya ƙauyen matar nan yake tafiya a bayan keke, har ta bar duniya.

Sau biyu aka so a ɗauke shi zuwa babbar ikilisiya a birni, mai gidan kwano da lantarki, sau biyu ya roƙi a bar shi. Shi ya ɗaura mini aure, shi ya raɗa wa ubanka suna, shi ya ɗaura auren ubanka, kai ma a hannunsa aka miƙa ka, lokacin hannun har rawa yake yi. Fastocin yanzu ana yi musu canjin wuri bayan 'yan shekaru, kafin su san wane ne kawun wane an ɗauke su. Ba laifinsu ba ne, tsari ne. Su ikilisiya ke biya, hakkinsu ne kuma. Shi kuwa tun da daɗewa ya daina zama ma'aikaci a wurinmu, ya zama uba, matar uba kuma ba a barinta ta sayi dawa a kasuwa muna da gona.

Abin da za a yi da damin bayan ran Mama, wannan ku za ku yanke, ba ni ba. In da ni za a tambaya, a gyara rumbunan nan biyu, har yanzu gindinsu na nan.

Na ji kana cewa ko a tura mata kuɗin ta waya a huta. Ban yarda ba. Bana kai za ka kai da kanka, tunda kai ne mai tambaya. Ubanka zai zaɓi damin, farar dawa take so, ja tana sa mata ƙwannafi. Ka cire takalmi tun daga zaure, ka durƙusa, ka zauna ta gefen damanta don kunnen hagun ya tafi. Za ta kira ka da sunan ubanka, ka amsa kawai. In ta ba ka gyaɗa ka karɓa da hannu biyu ko ka ƙoshi. In za ka biyo ta nan kuma ka taho mini da man zafi, gwiwar nan ta sake tashi.

Matarka ta fari,
Kakarka