Amsa ga Yaya a kan karen gidanmu na Agege

Yaya, na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin bidiyon da yaron wajena ya tura, wanda ya yi fito sau ɗaya karenmu Duna ya baro bakin ƙofa a guje ya zo ya zauna a gabansa. Ka ce wai mu Hausawan Ikko har mun kai ga kiwon kare a gida muna raɗa masa suna, ka kuma tambaya ko a gidan surukaina Yarbawa na koyo wannan. Kwana biyu na yi ban amsa ba, don zancen surukan ya sosa min rai, kuma ba na son in mayar wa babba magana rai a ɓace.

Ka san ina turke raguna a bayan gida. Wata huɗu kafin Babbar Sallah nake zuwa kasuwar dabbobi in saro su. Shekara uku da suka wuce aka hauro katanga cikin dare ana ruwan sama, aka ɗauke min biyu mafi girma, ko motsi ba mu ji ba. Bayan nan na nemo ɗan kwikwiyo. Yana da ɗakinsa kusa da turke, da kwanonsa daban, ba ya shiga falo balle inda muke sallah.

Sai da na tambayi malaminmu na zaure kafin in kawo shi. Ya ce hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Ya ba ni labarin da malamai ke kawowa na mai Risala, Ibn Abi Zaid, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa Imamu Malik ya ƙi hakan, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Ya ce a cikin alamomin horarren kare da malaman fiƙihu suka lissafa akwai cewa in ka tura shi ya tafi, in ka tsawata masa ya tsaya, in ka kira shi ya amsa. To ka ga kiran da ka gani a bidiyo yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano.

Wanda ya koya min horon kuwa wani tsohon mafarauci ne daga ƙasar Ningi, yana gadi a wajen mayankar Oko-Oba. Farkon abin da ya ce min shi ne ba a kiran kare da sanda a hannu. In ya yi ɓarna, kai za ka tashi ka je inda yake. Ranar da ka kira shi ya zo ka doke shi, ka koya masa cewa amsa kira wahala ce, kuma zai daɗe bai manta ba.

A tsakar gida muka fara, ƙofa a rufe, yana ɗan wata uku. Lokacin da yunwa ta kama shi, kafin a zuba masa abinci, sai in tsuguna taku biyu daga gare shi in kira sunansa sau ɗaya in yi fito. Yana isowa in ba shi ɗan gutsuren huhu ko ganda, in shafa wuyansa, sannan in sake shi ya koma wasa. Sakin nan tsohon ya fi jaddadawa. Ya ce in duk kira ɗauri ne ke biyo bayansa, kare zai gane, sai ya riƙa tsayawa nesa yana kallonka. Saboda haka a kira goma, tara ina sallamar sa, ɗaya ne nake ɗaurewa. Minti biyar da safe, minti biyar bayan la'asar, ba ma wucewa.

Inda muka sha wuya shi ne yara. Su riƙa rafka sunan, Duna, Duna, Duna, har sunan ya zame masa kamar hon ɗin motocin haya na danfo, yana ji ba ya ko waiwaye. Sai da na kafa doka: kira ɗaya, kuma wanda ba shi da abin ba shi a hannu kada ya kira. Da ya ƙware a gida muka fita fili da igiya doguwa, wajen taku ashirin. In ya yi kunnen uwar shegu sai in ɗan ja igiyar a hankali, ya iso in ba shi ladansa kamar da kansa ya zo. Wata rana ya kuɓuce ya nufi titi, zuciyata ta ce in bi shi. Sai na tuna tsohon ya ce bin kare wasan tsere ne a wurinsa. Na juya na ruga gida ina fito, sai ga shi a bayana. A Legas wannan horon ba ado ba ne, Yaya. Gida a jikin gida, mota ba ta tsayawa, kuma kare ɗaya da ya ciji ɗan maƙwabci zai iya tayar da rigimar da za ta koma ta ƙabila kafin magariba. Shi ya sa ma duk shekara nake kai shi allurar rigakafin ciwon hauka.

Sai maganar surukai. Maman yara ita ta fi kowa ƙin karen nan, wata guda tana min fushi. Mahaifinta alfa ne, wato malami a wurin Yarbawa, ya yi shekaru yana limanci. Na san abin da ake faɗa a gida, cewa Bayarabe da kare sai a hankali. Gaskiya ne masu bautar gunkin Ogun suna yanka kare, amma ina ruwan gidan da suka gaji musulunci kaka da kakanni? Masallacin Shitta-Bey da ke cikin tsibirin Legas tun 1894 aka buɗe shi. Shekara goma sha bakwai muna tare da matar nan, ita ta yi jinyar Inna har ta cika, tuwon da take tuƙawa kai ma ka ci ka yaba. Duk da haka in an tashi zancenta a dangi sai a ce "Bayarabiyar nan". Ita ce ma, da ta ga Duna ya fara amsa fito, ta faɗa min karin maganarsu, cewa karen da zai ɓata ba ya jin usur ɗin maharbi.

Na san ɓatan da kake nufi namu ne. To yaushe muka ƙi amsawa? Kakanmu jirgin ƙasa ya hau ya zo Agege fataucin goro, bayan layin dogo ya haɗa Ikko da Kano. A nan Zango aka haifi Baba da Baffa, Baffa ne aka mayar Kano karatun allo ya zauna. Kafin su ma akwai Hausawa a garin nan, sojojin da Baturen mulki Glover ya tara a 1863. Muna da Sarkin Hausawa, da makarantun allo, ana ɗaurin aure da suna yadda ka sani. Ina tuna Baba zaune a kan huhun goro yana ciniki da matan Yarbawa da harshensu, ya juyo ya yi mana faɗa da Hausar da ko a Kurmi sai haka. Biki ko rasuwa, in kun kira, mota muke hawa mu kwana a hanya.

Yarana Hausarsu ta ɗan karkace, ban musa ba, suna haɗa ta da Yarbanci da broka. Amma a makaranta "aboki" ake kiran su, kuma lokacin rikicin Idi-Araba a 2002 ba wanda ya tsaya auna Hausar kowa kafin a kai masa hari. Bara da na kawo su Kano hutu, ƙaramar ta dawo daga shago tana kuka, wai yara sun bi ta suna kwaikwayon maganarta. Har yau in na ce za mu je gida sai ta tambaye ni ko a unguwar nan za mu sauka.

Ka daɗe kana cewa za ka zo ganin likitan ido. Ka zo kafin Sallah, ɗakin Baba yana nan a share. Zan ɗaure Duna a baya in ba ka son ganin sa, amma ina so ka zauna da maman yara ku gaisa sosai, ka kira ta da sunanta.