Saƙata Tana Tsukewa, Yatsuna Suna Ciwo: In Haƙura da Kwarashi Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Bauchi. Na fara koyon saƙar kwarashi a waya don ɗebe kewa idan na taso daga aiki. Na sayi siririn zare shuɗi mai duhu da ɗan ƙaramin kwarashi na ƙarfe, da niyyar in saƙa wa matar yayana shawul da hular jariri kafin hunturu ya shigo. Amma duk abin da na fara da faɗi sai ya riƙa tsukewa yana karkacewa, kwarashin ba ya shiga sai da ƙyar, yatsuna kuma sun dame ni da ciwo. Hular da na gwada ma bakinta ya yi ta lanƙwashewa. Ƙawata ta ce saƙa baiwa ce, wanda ba shi da ita wahalar banza yake yi. In haƙura ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura. Duk abin da kika lissafa babu wanda ya shafi baiwa, kowanne yana da dalilin da za a iya nuna miki da yatsa, kuma yana gyaruwa. Baiwa tana iya bayyana can gaba, wajen haɗa launi da ƙirƙiro sabon zane. Amma a ce layi ya miƙe, gefe ya tsaya daidai, wannan ƙirga ce da sabon hannu, ba wani abu ba.

Matsalarki tun a kasuwa ta faro. Siririn zaren nan da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 ko 2 na ƙwararru ne, masu yin adon bakin mayafi da shimfiɗar tebur. Mai koyo kwarashi mai milimita 4 ko 5 take buƙata, da ulu mai matsakaicin kauri, mai santsi, wanda ba shi da gashi-gashi. Launin kuma ya zama mai haske, kamar ruwan madara ko ruwan ƙwai. Zare mai duhu yana ɓoye idon saƙa, balle ke da sai dare kike zama, wata rana ma an ɗauke wuta sai fitilar caji. Idan kin shiga kasuwar Wunti ko babbar kasuwa wajen masu kayan ɗinki, ki duba takardar da aka naɗe ulun da ita, sau da yawa an rubuta lambar kwarashin da ya dace da shi. Shuɗin zarenki ki adana shi, ranarsa tana zuwa.

Tsukewar saƙa kuwa, ita ce ta fi korar masu koyo, kuma abin tausayi ita ce mafi sauƙin magani. Ki dubi saman layin da kika gama, za ki ga ƙananan idanu a jere masu siffar harafin V. Kowane ɗaya sai kwarashi ya shiga cikinsa a layi na gaba. To, idon farko da na ƙarshe sukan kwanta a gefe, su matse, mai koyo ta wuce su ba ta sani ba. Idan kin fara da ido 20 kina zubar da ɗaya a kowane layi, kafin ki yi layi 10 rabin faɗin ya tafi. Abin da za ki yi shi ne, da zarar kin saƙa idon farko na layi, ki zura masa guntun zare mai wani launi. Idan kin juyo kin dawo, inda alamar take nan ne ƙarshen layinki, dole kwarashi ya shiga can. Sannan ki ƙirga idanun a ƙarshen kowane layi, da baki, ba da zuci ba. Na san yana da gajiyarwa, musamman ana hira a tsakar gida, amma ban san wata hanya da ta fi ta ba. Bayan ɗan lokaci idonki zai riƙa gane gefen da kansa.

Akwai kuma sarƙar juyawa, wadda ake yi kafin a fara sabon layi don ta ɗaga aikin zuwa tsayin da ake so. Gajeriyar saƙa, wadda ake soka kwarashi kai tsaye ba tare da an fara rataya zare ba, sarƙa 1 take so, kuma yawanci ba a lissafa ta a matsayin ido. Doguwa, wadda ake rataya zare sau ɗaya kafin a soka kwarashi, sarƙa 3 ake yi mata, kuma galibi ana ƙirga ta ido guda. Idan an ƙirga ta, sai ki tsallake idon da ke gindinta, sannan in kin dawo ki soka a samanta. Rikita waɗannan biyun shi ne ke sa wani gefen ya kumbura, wani ya rame.

Yanzu ga batun kwarashin da ba ya shiga, wanda shi ne kuma tushen ciwon yatsun. Ɗauki kwarashinki ki duba. Kusa da ƙugiyar akwai wuya siriri, bayansa kuma jiki mai kauri ɗaya. Lambar da aka rubuta, kaurin jikin ne. Mai koyo, don tsoron kada zare ya kufce mata, takan ɗaure madaukin a kan siririn wuyan, sai idon ya fito ƙarami fiye da kwarashin da zai dawo ya shige shi. Duk madaukin da kika jawo, ki tura shi ya hau jikin kwarashin tukuna kafin ki ci gaba. Zaren da ke hannun hagu kuma ki bar shi ya riƙa silalowa tsakanin yatsu, kada ki shaƙe shi. Kamar kitso ne, wanda aka ja da ƙarfi ba shi ne mai kyau ba, ciwon kai kawai yake sa wa. Sarƙar farko ta gindin aiki ita ta fi saurin matsewa, don haka ki yi ta da kwarashin da ya ɗara naki kauri kaɗan, sannan ki koma naki. Ki riƙa ajiye aikin bayan kamar minti 20 ki miƙe yatsu, ki motsa wuyan hannu da kafaɗa. Idan kwarashin ya yi miki siriri a riƙo, naɗa masa filasta ko ƙyalle. In kuwa hannun ya fara dindiris ko ciwon ya ƙi tafiya bayan hutu, ki dakata ki ga likita, kada ki daure.

Hula lissafi ce tsantsa. Ana fara ta da da'ira daga tsakiyar kai. In gajeriyar saƙa ce, ido 6 a zagayen farko, a ƙara 6 a kowane zagaye: 12, 18, 24, haka. In doguwa ce, 12 ake farawa da shi, a riƙa ƙara 12. Ƙari ya yi yawa, baki ya lanƙwashe kamar yadda naki ya yi. Ya yi kaɗan, da'irar ta ƙudundune tun ba ta kai faɗin kai ba. Kewayen kan sabon jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35, saboda haka idan faɗin da'irar ya kai wajen santimita 10 sai ki daina ƙari, ki ci gaba da zagayawa da adadi ɗaya, hular za ta sauko da kanta.

Tunda a waya kike koyo, ki lura da wannan: sunayen saƙa na Amurka da na Ingila ba ɗaya ba ne. Abin da Ba'amurkiya ke kira singul, wato gajeriyar saƙa, mutuniyar Ingila dabul take ce masa. Ki tsaya a kan malama guda har hannunki ya faɗa, kuma ki rage saurin bidiyon. Idan akwai wata dattijuwa mai saƙa a unguwarku, zaman yamma ɗaya a gefenta ya fi bidiyo da yawa, domin ita za ta kama hannunki ta ga inda kike matsewa.

Wani abu da nake so ki riƙe da muhimmanci, tunda jariri za a saƙa wa: yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne. Ki yanki ɗan guntu ki kusantar da ashana a wajen da babu haɗari. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri, auduga ta ci wuta da warin takarda ta bar toka, gashin tumaki kuma ya yi ƙauri irin na gashi. Na robar yana da araha, yana wankuwa, yana da ɗumi, amma ki gaya wa matar yayanki kada a kusanci kaskon gawayi da shi lokacin jin ɗumi, kada kuma a ɗora masa dutsen guga. Zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu kuwa, auduga ce ta dace da fatar yaro. Kada ki sa duwatsun ado ko maɓallan da za su iya cirewa, kada kuma ki bar manyan ramukan da ɗan yatsa zai maƙale.

Shawul ɗin fa? Shawarata kada ki fara shi a dunƙule. Ki saƙa ƙananan murabba'ai masu santimita 15 kowane gefe. Biyu ko ukun farko za su karkace, ki warware su ki sake, zaren bai lalace ba. Sai dai ki naɗe shi sakwa-sakwa don kada ya miƙe. Idan suka fara fitowa girma ɗaya, ki tara 36, shida a tsaye shida a kwance, kin sami shawul mai kusan santimita 90. Ki sayi ulun da zai ishe ki a lokaci guda, ki duba lambar rini a jikin takardar ta zama iri ɗaya, don launi ɗaya daga rini daban yakan bambanta, kuma sai an haɗa ake ganewa. Duk inda kika yanke zare ki bar jela mai tsawon santimita 15, ki zura ta a babbar allura mai dakusasshen baki, ki bi da ita ta cikin saƙar gaba da baya. Ƙulli kaɗai ba ya jure wankin kayan jariri na kullum. Allah Ya sauke ta lafiya.