Rigakafi ne ko takalar faɗa? Amsoshin wannan makon

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, a littattafan zane na X-Men, da masu baiwar nan suka kafa ƙasarsu Krakoa a 2019, tun ba ta zauna da gindinta ba suka kai hari tashar ƙungiyar Orchis da ke kusa da rana. Abokina ya ce rigakafi ne, wai rigakafi ya fi magani. Haka ne?"

To ɗana, abokinka ya taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don na gaji da yadda ake jan wannan karin magana kamar roba, kowa ya fara kai duka sai ya ce rigakafi ya yi. Ka raba kalmar mana, riga da kafi. Kafi shi ne itatuwan da ake kakkafawa a kewaye gari tun mahara ba su iso ba, a bakin garinka ake kafa shi, ba a ɗaukarsa a kai garin wani. Shi ya sa allurar da ake wa yara ta ci sunan, jikin yaron ake karewa. Wanda ya fita ya je ya sami wani kuwa hari ya kai, sai dai a tambayi hujjarsa.

Kuma a nan mutanen Krakoa suna da hujja, ban musa ba, Orchis ƙungiyar maƙiyansu ce, tashar na ƙera uwar na'urorin da ke farautarsu ne, ga shi a 2001 irin na'urorin nan sun kashe musu mutum miliyan 16 a Genosha, tsibirin da suke zaune a da, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake balle ya ga macijin da kansa. Ni kare kai zan kira wannan. Wanda ya tsaya min a rai shi ne abin da Beast, ɗaya daga cikin X-Men, ya yi daga baya da sunan tsaron ƙasa, ya mallake hankalin mutanen Terra Verde, ƙaramar ƙasa, alhali Krakoa da kanta ta kafa dokar kada a kashe ɗan Adam don a ga ta fi waɗanda suka zalunce ta. Wannan sunansa cin zali, kuma wanda aka taɓa zalunta in ya yi shi ya fi ba ni takaici wallahi, don ya san zafinsa.

Wata daga Maraɗi ta ce mene bambancin zalunci da cin zali? Zalunci ya fi faɗi, 'yata, ko tauye mudu zalunci ne. Cin zali sai babba a kan ƙarami.

Wani kuma ya ce gwarzo za a kira irin su Cyclops, jagoran X-Men, ko jarumi? Ka ce sadauki, jarumi 'yan fim sun riga sun cinye shi.