Tambaya da Amsa: Dokokin Zubar da Ciki a Jihohin Amurka da Halin da Likitoci Suka Shiga

Tambaya: Na ji ana cewa wasu likitocin mata a Amurka suna barin jihohinsu saboda dokokin hana zubar da ciki. Tunda dokokin sun yarda a ceci ran uwa, mene ne abin tsoro ga likita? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Malama, tushen maganar shi ne hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 24 ga Yuni, 2022, wanda ya soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, ya kuma bar wa kowace jiha ikon tsara dokarta. Yawancin jihohin da suka haramta sun ɗora hukuncin ne a kan likita. A Texas, likitan da aka samu da laifi yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisinsa. A Idaho ɗaurin shekara biyu zuwa biyar ne.

Gaskiya ne dokokin sun keɓe yanayin da ran uwa yake cikin haɗari, to amma a nan gizo yake saƙa. Ɗauki misalin matar da faya ta fashe mata tana da ciki wata huɗu, lokacin da ɗan tayin ba zai rayu a wajen mahaifa ba. Likita ya san ƙwayoyin cuta suna iya shiga mahaifa su bazu cikin jini, sai dai a wannan sa'ar matar ba ta da zazzaɓi, zuciyar ɗan tayin kuma tana bugawa. Idan ya ɗauki mataki da wuri, mai gabatar da ƙara yana iya cewa haɗarin bai kai ba. Idan ya jira, matar ce za ta ɗanɗana kuɗarta. Shi ya sa wasu asibitoci suke tuntuɓar lauyoyinsu kafin a yanke shawarar da a da likita ne yake yankewa a bakin gadon mara lafiya. A ganina wannan jinkirin ya fi tsananin hukuncin kansa illa.

Masu goyon bayan dokokin suna cewa likitoci ne suke yi musu mummunar fahimta. Duk da haka, majalisar dokokin Texas da kanta ta yi gyara a 2025 domin fayyace cewa ba sai haɗarin ya zo dab da kashe uwa ba kafin likita ya taimaka mata.

Batun barin jiha kuwa yana da tushe. A 2023 asibitin Bonner General da ke garin Sandpoint a Idaho ya rufe sashen haihuwa, kuma cikin dalilan da ya bayar har da yanayin shari'a da ficewar likitoci, abin da ya tilasta wa matan yankin yin doguwar tafiya kafin su haihu a asibiti.