Lambobin kwali ko kunne: wanne za ka bi?

Malam, tambayarka ita ce: in za ka sayi ampili da lasifika masu tsada, lambobin da aka rubuta za ka bi ko abin da kunnenka ya ji? Ka tace da lambobi tukuna, sannan kunne ya yanke hukunci. Lambar watt ta RMS za ka duba, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai, ka bar ta PMPO, ƙarfin ƙiftawar ido da ake zabgawa a jikin kwali, wannan talla ce kawai. Ka kuma tabbata ohm ɗin lasifikar, wato ma'aunin turjiyarta ga lantarki, 4 ne ko 8, ya dace da ampilin, in ba haka ba ya riƙa zafi yana ɗaukewa. Ninka watt sau biyu decibel 3 kaɗai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, wato ƙari kaɗan a kunne, kada a cika maka farashi da shi.

Amma kunne na da sharaɗi, don saurin ruɗuwa gare shi. Duk lasifikar da aka ɗan ƙara wa murya ita ce za ka ji ta fi daɗi, kuma masu shago sun san wannan sarai. Ka je da waƙar da ka haddace, a daidaita ƙarar lasifika biyun da kake gwadawa, ka juya baya wani ya riƙa sauya maka ba tare da ka ga suna ko farashi ba. Ni dai ba na yarda da gwajin cikin hayaniyar Kasuwar Dole. Lasifikar da ta yi laushi a soron ƙasa na Birni na ji ta tana amsa-kuwwa a falon siminti mai tayil da rufin kwano, har kalangu ya shige cikin muryar mawaƙi. Ka roƙi a bar ka ka gwada a ɗakinka kafin ka biya.