Kar ka biya sai an leƙa cikin silin

Ɗan'uwa wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, kamar ni na rubuta ta shekara 4 da suka wuce. Ka ce dillali na ta matsa maka ka biya kuɗin gidan da kake son saye wai akwai wani mai so, kai kuma kana ganin ɗauko injiniya ya duba gidan ɓarnar kuɗi ce tunda ga sabon fenti. To fentin nan shi ya ci ni.

Nima gida fes aka nuna min, na zagaya minti 20 na ce alhamdulillah, dillalin har da dafa min kafaɗa wai "Alhaji ko ƙusa ba za ka buga ba". Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, wajen ƙarfe 2 na dare, silin ɗin ɗakin yara ya sha ruwa ya rufto, Allah Ya taƙaita a kan wardrop ya sauka ba kan katifa ba, ni da maiɗakina muna ta jera bokitai ina riƙe da tocila a baki, autarmu na ta tsala ihu. Da safe kafinta ya hau ya sauko da guntun katakon rufi, ya murza da yatsu ya zama gari, ashe gara ta daɗe da cinye shi. Na kira dillalin ya fi sau 10, da ya ga dama ya ɗauka sai cewa ya yi ai da idona na gani na saya. Ko sannu babu! Har yau in na tuna muryarsa raina ɓaci yake, na dai bar shi da Allah.

Don Allah kai za ka nemo mai dubawar da kanka, kar ka yarda da wanda dillali ya kawo, kuma ka tsaya a wurin ko da awa 3 zai ɗauka. Ya shiga cikin silin da fitila. Tsagar bango siririya kamar gashi yawanci ta filasta ce, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, musamman in ƙofar na cijewa, wannan na iya zama alamar fandisho, wato tushen ginin, ne ke nutsewa. Akwai 'yar na'urar auna laima da suke ɗorawa a bango, fenti ba ya ruɗinta. Ku buɗe duk famfunan lokaci ɗaya ku ga ƙarfin ruwan, ku kora ruwa a bayi ku leƙa sokawe. Wayarin ma, ni daga baya na gano siraran wayoyi aka ja wa soket ɗin kicin, har ya yi baƙi.

Af, takardun gidan ma a kai wa lauya, wannan ba aikin injiniya ba ne, wani abokina ta nan aka cuce shi.

Ka ce ya rubuta maka rahoto da hotuna, da shi za ka zauna a rage maka kuɗin gyara ko su gyara kafin ka biya. In mai gidan ya ce ba za a duba ba, ɗauki takalminka kawai. Ni rufin nan gaba ɗaya na sauya, bashin ma sai bara na gama biya.